Abin da Na Gani a Ɗakin Ruwa

Shekara 26 na yi ina aikin famfo kafin ƙodojina su tsaya. Na ja bututu a gidaje ba adadi, na ɗora tankuna, na sha shiga cikin tankin da aka shekara biyu ba a wanke ba in kankare bangonsa da hannuna. Ruwa ba baƙona ba ne. Duk da haka sai da na yi wata 7 cur ina kwanciya a gefen injin wankin ƙoda ban taɓa tambayar daga ina ruwan da yake shiga ta bayansa yake fitowa ba. Idona yana kan jini. Duk wanda yake ɗakin nan idonsa a kan jini yake: jan bututu ya fita daga hannunka, ya zagaya injin, ya dawo. Siririn bututun da ya fito daga bango ya shige bayan injin, mai ɗauke da ruwa garau, babu mai waiwayarsa.

Hawan jini ne ya kai ni can. Na san ina da shi, in kai ya sara in sha magani, in na ji sauƙi in ajiye, har ranar da ƙafafuna suka ƙi shiga takalmi, amai ya zama abin kowace safiya, in na kwanta numfashi ya gagara. Aka gwada jini, likita ta ce ƙodojin sun kai matakin ƙarshe. Aka sa mini roba a wuya aka fara wanki. Daga baya aka yi mini aikin haɗa jijiya a hannun hagu, wanda suke kira fistula, da ta nuna aka cire robar wuyan. Litinin, Laraba, Juma'a, awa 4 kowane zuwa. Jiki ya karɓa. Kumburi ya sace, numfashi ya dawo, har na fara leƙa yarana a wurin aiki ina nuna musu da baki abin da a da hannuna yake yi.

Wata Litinin da safe aka jona ni kamar kullum. Ban kai awa ɗaya ba na ji wani sanyi ya taso daga ƙashin bayana. Na ɗauka na'urar sanyaya ɗaki ce, na ja bargo. Kafin in gyara bargon haƙorana sun fara haɗuwa, kaf kaf kaf, ina jin ƙararsu a cikin kaina. Daga nan jikin gaba ɗaya ya kama, gado yana jijjiga, bututun jinin yana lilo. Wanda bai taɓa yin irin wannan makyarkyata da allura biyu masu kauri a cikin jijiyarsa ba, da wuya ya gane fargabar. Allurar in ta goce ta fasa jijiyar, kuma wannan jijiyar ita ce ƙofar da nake rayuwa ta cikinta. Mai ɗakina ta danne hannun da hannayenta biyu tana kira.

"Sista, don Allah ki zo, Malam yana rawar sanyi!"

Nas ɗin ta zo da gudu. Ma'aunin zafi ya nuna 39. Awon jinina ya yi ƙasa, idona yana ganin duhu duhu, amai ya taso. Ta tsayar da wankin, ta maido mini da jinina, ta ƙara ruwa, ta ɗebi jini a kwalabe biyu domin a shuka a gani ko akwai ƙwayar cuta a ciki. Zuwa la'asar gumi ya karyo, zazzaɓin ya tafi kamar ba a yi ba. Aka ce wataƙila na cizon sauro ne, aka ba ni magani, na shanye.

Laraba na ji ɗan sanyi kawai. Juma'a lafiya lau. Litinin ta zagayo, abin ya dawo, ya ma fi na farko. Sakamakon jinin ya fito, ba abin da ya tsiro. Likita ta duba fistular, ba ja, ba kumburi, ba ruwa. Ta saurari ƙirjina, ta tambayi fitsari da haƙori da gyambo, babu. Ta gaya mini gaskiya cewa da har yanzu ina da robar wuya da ita za ta fara zargi, domin a wurin masu wankin ƙoda robar nan ita ce babbar hanyar da ƙwayar cuta take bi ta shiga jini, kuma wannan yana kisa cikin kwanaki in ba a tare shi ba. To ni babu roba.

A gadon da ke damana akwai wata dattijuwa da nake kira Inna. Ta girme ni nesa ba kusa ba, ta kuma riga ni fara wanki da shekara biyu. Ita ce ta koya mini in riƙa tsotsar ƙanƙara maimakon kwankwaɗar ruwa in ƙishi ya dame ni, ita ce ta koya mini in ɗora yatsa a kan fistula kowace safiya in ji tana gurnani. "Ɗana," haka take kirana, "in ka ji ta yi shiru, kada ka jira gari ya waye." A Litinin ta uku mu uku muka yi rawar sanyi a layi ɗaya: ni, da Inna, da wani matashi a gadon ƙarshe. Mu biyu muka warware da yamma. Inna awon jininta ya faɗi ƙasa sosai, sai da aka ɗaga ƙafafunta aka yi ta kiran sunanta kafin ta buɗe ido. Da ta dawo hayyacinta ta juyo ta kalle ni.

"Ɗana, injin nan ya daina karɓata."

Na ce, "Haba Inna, ki daina faɗin haka. Za a gano."

Daren nan ban yi barci ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar. Me ya sa Litinin? Me ya sa zuwan farko na safe? Sai aikina ya ba ni amsa. Duk mai aikin famfo ya san ruwan farko da yake fitowa daga famfon gidan da aka rufe kwana biyu. Yana da wari, wani lokaci da launi, sai ka bar shi ya zuba kafin ka tara. Wurin wankinmu ana rufe shi da yammacin Asabar, ba a buɗewa sai Litinin. Ruwa ya kwana biyu a tsaye, mu kuma mu ne farkon waɗanda ake tara wa.

Ranar Laraba na jira likita ta gama zagaye, na ce, "Likita, ranki ya daɗe, ni ba ɗan boko ba ne, amma ina da tambaya. Ruwan nan da yake shiga bayan injin, yana taɓa jinina?"

Ta jawo kujera ta zauna, abin da har gobe nake gode mata a kansa. Ta ce ita ma tun Litinin tunaninta yana kan ruwa, domin mutum uku ba sa kamuwa da zazzaɓi ɗaya a awa ɗaya haka kawai, kuma ta riga ta sa an ɗebi samfur. Sai ta ɗauko ƙodar roba, wadda ma'aikata ke kira dayalaiza, ta nuna mini. A cikin wannan gorar akwai zarurruka wajen 10,000, kowanne da rami a tsakiyarsa, kaurinsa bai wuce na gashin kai biyu ko uku ba. Jini yana bi ta cikin ramin, ruwan wanki yana bi ta wajensa, tsakaninsu tantani ne kawai mai ƙananan ƙofofi, ta nan dattin jini yake ficewa. Ta ce injin yana tura rabin lita na ruwan wanki a kowane minti. Na yi lissafin da kaina, domin lissafin ruwa sana'ata ce: lita 30 a awa, lita 120 a zama ɗaya, lita 360 a mako. Mai lafiya yana shan kamar lita 14 a mako, shi ma hanji da hanta suna tsaye suna tantancewa. Ni da aka hana shan fiye da 'yan kofuna a yini, ashe lita 360 ce take gogar jinina duk mako, ba ciki, ba hanji a tsakani.

Na roƙi a bar ni in ga inda ake tace ruwan. Ta yi jim, sannan ta kira yaron da ke kula da injinan ta ce ya kai ni.

Ɗaki ne ƙarami a bayan ginin, da zafi da ƙugin famfo. Ina shiga na ji kamar na dawo gida. Yaron mai ladabi ne, "Baba" yake ce mini, ya bi da ni tukunya tukunya. Ta farko mai yashi ce, tana riƙe laka. Ta biyu tana cire taurin ruwa, ana farfaɗo da ita da gishiri. Sai tukwanen gawayi, masu cire kulorin. A nan na tsaya.

"Yaro, kulorin ɗin da yake kashe ƙwayoyin cuta kuke cirewa?"

"Dole ne, Baba. In ya kai ga jini yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mutum."

Wannan magana ta buɗe mini ido fiye da komai. Ruwan famfon gari yana tafe da mai gadinsa. Ruwan wankin ƙoda kuwa sai an sallami mai gadin tukuna, daga tukunyar gawayi zuwa gadon mara lafiya ba abin da yake tsaronsa sai tsabtar bututun da kulawar mutane. Bayan gawayin akwai injin RO, mai matsa ruwa da ƙarfi ta cikin tantani, yana tare gishiri da ƙarafa da mafi yawan ƙwayoyin cuta. Ruwan da yake fitowa daga cikinsa mai kyau ne ƙwarai. Matsalar tana gaba: ruwan yana zuba a tankin ajiya, daga can bututu ya ɗauke shi ya zagaya ɗakin wanki ya dawo tankin. A ƙa'ida wannan zagaye ba ya tsayawa, ko ana wanki ko ba a yi, domin ruwan da yake gudu ba ya ba ƙwayar cuta wurin zama da sauƙi. Na tambayi yaron ko famfon yana aiki ranar Lahadi. Ya sunkuyar da kai ya ce an umarce shi ya riƙa kashewa.

Na duba tankin. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, mafitar tana sama da gindin da kamar taƙi ɗaya, wato akwai ruwan da bai taɓa fita ba tun da aka kafa shi. Tankin irin wannan aiki gindinsa tsukakke ake yi, kamar mazurari, ya tsiyaye tas. Ƙofar shan iskarsa a buɗe take, ba filta. A gefe ga jarkokin da ake dama garin bayikabonet, ɗaya daga cikin sinadarai biyu da injin yake gaurayawa da ruwan. Na ga saura a ɗaya, na tambaya, ya ce na jiya ne, in ya rage akan ƙara sabo a kai. Daga baya likita ta gaya mini cewa a duk kayan haɗin nan ba abin da ƙwayoyin cuta suke hayayyafa a cikinsa kamar damammen bayikabonet, shi ya sa ake dama na yini a zubar da saura, a wanke jarka a kife ta ta bushe.

Sai na bi bututun da ido, yadda na saba, daga tanki har cikin ɗakin wanki, ina dafa bango saboda jiri. A bayan layinmu, ƙasa da gadon Inna kaɗan, na ga wani reshe ya balle daga babban bututun ya yi wajen kusurwa, tsawonsa ya kai kamu biyu, an toshe bakinsa da murfi. Yaron ya ce a da akwai inji a wurin, aka ɗauke injin kafin ma a ɗauki shi yaron aiki. Na san wannan abu. Na sha yanke irinsa a gidajen mutane in sun yi kukan ruwansu yana wari an wanke tanki bai daina ba. Ruwan da ke cikin reshen da aka toshe ba ya tafiya ko'ina, maganin da aka zuba a babban bututu ba ya isa ƙuryarsa, yana nan yana ruɓa, yana ɗiga abin da ya tara cikin ruwan da yake wucewa.

Da likita ta sa aka yanke shi ina tsaye. Daga waje fari ne fes. Na sa safar hannu na zura yatsa ciki, na ji santsi. Na fito da yatsan, ga wani yauƙi mai ruwan toka ya naɗe shi, yana ja kamar majina. Yaron ya dafe baki. Ni kuwa Inna na tuna, da ƙafafunta a sama ana kiran sunanta.

Likita ta ce wannan yauƙin gida ne da ƙwayoyin suke gina wa kansu. Sukan manne a bangon bututu su fitar da wani danƙo su lulluɓe kansu da shi. In an zuba magani ya kashe na sama, na ƙasa suna nan, cikin 'yan kwanaki su dawo. Ta ambaci sunayensu, irin su Sudomonas da Ralstoniya, ƙwayoyin ruwa ne da ke iya rayuwa su hayayyafa ko a ruwan da aka tace har ba komai a cikinsa. Na ce to in haka ne me ya sa ba a gan su a jinina ba? Ta ce ita ƙwayar kanta ta fi ƙarfin ƙofofin tantanin, in dai bai yage ba ba ta wucewa. Amma a ɓawon jikinta akwai wani dafi da ake kira endotoksin, in ta mutu ko ta fashe sai ya warwatsu a ruwa, gutsattsarinsa ƙanana su ratsa tantanin su shiga jini. Jiki yana jin ƙanshinsa sai ya ɗauka an kawo masa yaƙi, ya tashi da zazzaɓi da makyarkyata, jijiyoyi su saki, awon jini ya faɗi. Da an tsayar da wanki abin ya lafa cikin awoyi, kuma duk shukar da za a yi wa jinin ba abin da zai tsiro, domin ba mai rai ne ya shiga ba. Kashe ƙwayar ma ba ya kawar da dafin. Ko tafasa ruwan aka yi yana nan.

Abin da ya fi ɓata mini rai na ji shi ne daga baya. Ashe ana gwada ruwan jifa jifa, kuma takardun suna dawowa da cewa lafiya. Ɗakin gwajin da ake kai wa yana shuka ruwan ne yadda yake shuka jini ko fitsari, a faranti mai abinci mai maiƙo, a zafin jikin mutum, kwana biyu a duba. Ƙwayoyin ruwa kuwa sun saba da yunwa, ba sa tsirowa da kyau a haka. Nasu farantin daban ne, mai ƙarancin abinci, irin wanda ake kira R2A, a ajiye shi a digiri 17 zuwa 23 har kwana 7. Da likita ta aika samfur inda aka yi shi yadda ya dace, farantin ya cika har ba a iya ƙirgawa. Ƙa'idar duniya ta ISO 23500 ta ce ruwan wankin ƙoda kada ƙwayoyin da ke tsirowa a kowace mililita su kai 100, in sun kai 50 ma a tashi tsaye, kuma ma'aunin endotoksin ya kasance ƙasa da 0.25. Akwai ma mataki na sama da wannan, na ruwan wanki mai tsananin tsabta, wanda iyakarsa 0.1 ce ta ƙwayoyi da 0.03 ta dafin. Shi dafin gwajinsa daban ne, ana yin sa da wani sinadari da ake samu daga shuɗin jinin wata halittar teku mai kama da ƙaguwa, wanda yake daskarewa da ya haɗu da endotoksin. A wurinmu kafin lokacin ba a taɓa yin wannan gwajin ba ko sau ɗaya. Ana so a yi duka biyun duk wata.

Ɗana babba ya karanto mini labarin garin Caruaru a ƙasar Barazil. A watan Fabrairun 1996 wata cibiyar wankin ƙoda a can ta yi amfani da ruwan da tankoki suka ɗebo daga madatsar ruwa mai gansakuka, ba a tace shi yadda ya kamata ba. Ƙwayoyin da ke cikin gansakukar suna fitar da wani dafi mai suna maikurosistin, ya shiga jinin marasa lafiya ya lalata musu hanta. Fiye da mutum 100 suka kamu, fiye da 50 suka rasu. Dafinsu daban ne da namu, amma hanyar da ya bi ita ce dai wannan siririn bututu na bayan inji. Na ce ya sake karanta mini, ya sake. Na daɗe zaune ban ce komai ba.

Inna ba ta ga gyaran ba. Tun Litinin ɗin nan ta uku ta ce ba za ta koma ba. Ɗanta ya yi roƙo, nas ta kira, ni ma na karɓi waya na ce, "Inna, an gano, ruwa ne, ba jikinki ba ne, za a kai mu wani wuri kafin a gyara." Ta ce, "Ɗana, na gaji. Bari in ɗan huta." Kwana 10 ta yi ba wanki. Aka kawo ta da dare ruwa ya cika mata huhu, tana neman iska, aka jona ta a gurguje, zuciyarta ta tsaya kafin asuba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma na san kuma abin da ya sa tsohuwar da ta yi shekara biyu ba ta taɓa fashin zuwa ba ta ji tsoron gadonta. A takardar asibiti za a rubuta cewa ta daina zuwa wanki da kanta. Ba za a rubuta reshen bututun da ke ƙasan gadonta ba, shi ya sa nake rubuta shi a nan.

Ban riƙi yaron nan a zuciya ba. An ba shi ɗaki da makulli, ba a ba shi horo ba. Ya nuna mini littafinsa, sau uku yana rubuta buƙatar maganin wanke bututu da sababbin filtoci, ba amsa. Waɗanda nake ganin laifinsu su ne masu yanke shawarar abin da za a saya da abin da za a jinkirta. Sabon inji ana ganinsa, gado mai kyau ana ganinsa, fenti ana ganinsa. Ɗakin ruwa yana baya, ba baƙon da ake kai wa can, saboda haka shi ake fara tsuke wa hannu. Na san wannan hali tun ina aiki: mai gida zai zaɓi kan famfo mai walƙiya, ya ce a sa masa bututu mafi araha a cikin bango. A gida abin da zai biyo baya yoyo ne. A nan jinin mutum ne a ƙarshen bututun.

An rufe wurin na ɗan lokaci aka rarraba mu. Aka cire tsohon bututun gaba ɗaya, domin yauƙin in ya kafu wanki ba ya fitar da shi. Aka ja sabo ba reshe ko ɗaya, aka canza tanki, aka sa filta a ƙofar iskarsa, famfon zagaye ya koma aiki dare da rana. Aka tsara ranakun wanke layin da sinadarin farasetik, a ɗauraye, a gwada a tabbatar ba sauransa kafin a jona kowa, domin shi ma guba ne in ya shiga jini. Wasu wuraren da ruwan zafi mai digiri 80 zuwa sama suke yi, wanda ya fi sauƙin maimaitawa a kai a kai. A bayan kowane inji aka ɗaura wata filta ta musamman mai kama endotoksin kafin ruwan ya isa ƙodar roba, ana canza ta bisa adadin wanki ko watannin da masu ƙera ta suka ƙayyade.

Rawar sanyin ba ta dawo ba. Wani abin kuma ya faru da ban zata ba. Watanni kafin duk wannan, jinina ya ƙi hawa duk da allurar ƙarin jini da ake yi mini, abinci ba ya mini daɗi, kullum jiki a mace, gwajin kumburin cikin jiki da ake kira CRP yana sama. Na ɗauka haka ciwon yake. Bayan gyaran da wata uku jinin ya fara hawa, aka rage allurar, na fara jin yunwa. Likita ta ce dafin ko bai kai ya sa makyarkyata ba, kaɗan kaɗan ɗin da yake shiga duk zama yana riƙe jiki cikin faɗa da ba ya ƙarewa, kuma an san tsabtar ruwan wanki tana rage wannan kumburi ta sa allurar ƙarin jini ta fi kamawa. Wato tun kafin Litinin ɗin farko ruwan yana cina a hankali, ni da duk wanda ke layin.

Yanzu shekarata ta huɗu ke nan a kan inji. In na ga sabon zuwa ya ja bargo yana ƙoƙarin daurewa, ba na jira ya yi magana, ni nake kiran nas, domin ko ruwa ne ko robar wuya ce, minti yana da daraja. In na ji wani ya ce ba zai zo jibi ba saboda ya wahala yau, nakan ba shi labarin Inna tun daga farko, ba na ragewa.

Akwai takarda da ake mannawa a ƙofar ɗakin ruwa duk wata, da sakamakon ƙwayoyi da na endotoksin da kwanan watan da aka ɗebi samfur. Likita ce ta sa aka fara, bayan na roƙa. Litinin da ta wuce na zo da wuri kamar yadda na saba, na tsaya ina karantawa da tabarau. Matashin da aka ba gadon Inna, satinsa biyu da farawa, ya tsaya a bayana da jakarsa.

"Baba, me ake dubawa a nan?"

Na matsa masa ya zo kusa, na ɗora yatsana a kan layin farko. Ta cikin ƙofar ana jin famfon zagaye yana ƙugi.